Yadda Ake Haɗa Tawaga a Ji Daɗin Wasan Intanet Tare da Jama'a

Duk wanda ya ratsa Titin Bauchi bayan La'asar, ko ya shiga lungunan Anguwar Rogo da Gangare a garin Jos, zai ga samari uku ko huɗu a kan benci ɗaya, kowa ya kwantar da wayarsa a tsakanin hannayensa biyu, ana ta kiran "ga shi can bayan mota" ko "Yaya, zo ka tashe ni". Mafi yawansu Free Fire suke bugawa, ko PUBG Mobile, ko Call of Duty: Mobile, wato wasannin da ke tara mutane da yawa a fili guda ta intanet. Na shafe shekaru ina buga irin waɗannan wasanni tare da ƙanena da wasu abokai biyu, ɗaya tela ne a Dilimi, ɗayan kuma ɗalibi ne da ke zaune a Tudun Wada, kuma abin da na tabbatar a tsawon wannan lokaci shi ne mutum huɗu masu matsakaiciyar gwaninta da suke jin maganar juna sun fi gwanaye huɗu masu bin son ransu cin nasara, sun kuma fi su tashi daga wasa da farin ciki. Saboda haka bayanin nan ya fi karkata ga yadda ake zama da mutane a cikin wasa, domin iya harbi kowa zai koya da kansa idan ya daɗe yana yi.

Mataki na farko: a zaɓi wasan da wayar kowa za ta ɗauka

Kuskuren da ake yawan yi tun daga farko shi ne mai babbar waya ya zaɓa wa sauran wasa. Abin da ya dace shi ne a dubi wayar da ta fi rauni a cikin tawaga, a zaɓi abin da za ta iya ɗauka ba tare da tana daskarewa ba. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, an gina shi ne don ƙananan wayoyi, yana tara mutum 50 a tsibiri guda, kuma zagaye ɗaya ba ya ɗaukar dogon lokaci. A 2021 an fitar da Free Fire MAX mai hoto mafi kyau, kuma mai wannan da mai wancan suna iya shiga tawaga ɗaya, abin da ke warware matsalar bambancin waya tsakanin abokai. PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, yana tara mutum 100 a taswira mai faɗi, irin su Erangel mai kilomita 8 a tsaye da 8 a kwance, kuma zagaye ɗaya na iya kaiwa rabin awa. Call of Duty: Mobile ya fito a watan Oktoba na 2019, yana da wasan biyar da biyar a ƙaramin fili wanda ake gamawa cikin 'yan mintoci. Waɗannan biyun na ƙarshe suna son waya mai ƙarfi da wurin ajiya mai yawa.

Wanda ba ya son harbe-harbe ma yana da wurin zama. Ludo King yana haɗa iyali ko da wani yana Bukuru wani yana Abuja, Minecraft wasan gini ne da ake raba aiki, Among Us kuwa wasan gano maci amana ne da ke buƙatar muhawara da lura. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe su duka, ko da yake misalaina daga wasannin tawaga mai mutum huɗu zan ɗauko su.

Mataki na biyu: a gyara sabis da caji kafin a kira kowa

A gefen allon wasa akwai wata ƙaramar lamba da ke nuna jinkirin da ke tsakanin taɓa waya da isar umarnin ga babbar kwamfutar da ke gudanar da wasan, 'yan wasa suna kiranta fing. Ana auna ta da kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan tana ƙasa da 100, wasa zai tafi sumul. Idan ta haura 200, za ka ga ka ɓuya bayan bango amma harsashi ya same ka, domin a wurin abokin gaba har yanzu kana tsaye a fili. Dalilin da ya sa namu jinkirin yake da yawa shi ne wasu daga cikin waɗannan manyan kwamfutoci suna wajen Najeriya, saƙon da ya tashi daga Jos sai ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, sannan ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Wanda ya tuna watan Maris na 2024, lokacin da wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama, ya san yadda wasanmu ya dogara da su.

Ba ka da iko a kan teku, amma kana da iko a kan inda ka zauna. Jos gari ne na duwatsu da kwari, layin da ke aiki da kyau a Rayfield yana iya gazawa a wani lungu na Rikkos, har ma a gida ɗaya ɗaki da ɗaki sukan bambanta. Ka gwada layukan da kake da su a lokacin da kuka saba wasa, ka lura da wanda lambarsa ba ta tsalle-tsalle, domin jinkirin 120 da ya tsaya wuri ɗaya ya fi wanda ke lilo tsakanin 70 da 300. Ka rufe sauran manhajojin da ke jan data a ɓoye, ka rage ingancin hoto a saitin wasan, ka kuma toshe shigowar kira idan wayarka na da wannan dama, saboda kira ɗaya a tsakiyar artabu ya isa ya bar abokanka su uku da aikin mutum huɗu. Wasan kansa ba ya cin data kamar kallon bidiyo, sabuntawa ce mai cin data, don haka a sauke ta tun da rana ko cikin dare, kada a bari sai an taru sannan wani ya ce a jira shi.

Game da caji, a cika waya tun akwai wuta, a ajiye fawa banki kusa. Wasa a kan caji yana ɗumama waya, waya kuma idan ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kare na'urorinta. Mu mutanen Jos, da garinmu yake kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, muna da sauƙin wannan matsala fiye da 'yan'uwanmu na Sakkwato ko Maiduguri, sai dai a watan Disamba da Janairu yatsu ne ke sandarewa, kuma da damina guguwa kan zo da ɗaukewar wuta da sabis a lokaci guda. Idan ka ga hadari ya haɗu, kada ka ja tawaga zuwa wasan neman matsayi, wato wanda ake lissafa makin da ke ɗaga darajar ɗan wasa ko rage ta.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ku tabbatar duk kuna yanki ɗaya a cikin wasan tun lokacin buɗe asusu, domin wasu wasannin ba sa barin a sauya yanki cikin sauƙi.

Mataki na uku: a zaɓi mutane, a tsayar da lokaci

Ka nemi mutanen da za ka iya zama da su awa biyu ba tare da an yi cacar baki ba, ko da ba su kai ka iya wasa ba. Mai haƙuri da ke koyo zai ƙware cikin watanni kaɗan, amma gwanin da ke zagin abokansa da wuya ya sauya hali. Ku buɗe ƙaramin zauren WhatsApp na tawaga kawai, ku kuma sami mutum na biyar da zai riƙa cike gurbi idan wani ya sami uzuri.

Sannan ku tsayar da lokaci, wanda a ganina shi ne ginshiƙin ɗorewar tawaga. Waɗannan wasanni ba a dakatar da su a dawo, kuma wanda ya fita a tsakiyar wasan neman matsayi yakan jawo wa kansa ragin maki, ya bar abokansa cikin wahala. Idan saura minti 15 a kira Magariba, ba a fara PUBG. Ko dai a yi gajeren zagaye na Call of Duty, ko a haƙura sai bayan salla. A tawagarmu mun zaɓi bayan Isha'i zuwa ƙarfe goma da rabi, sau uku a mako, kuma da yake ɗalibin da ke cikinmu Kirista ne, ba ma sa wasa ranar Lahadi da safe, shi ma ba ya neman mu ranar Juma'a da rana ko lokacin buɗa baki da azumi. Ba mu taɓa zama mun rubuta wannan a matsayin doka ba, kowa ya san abin da ke gaban ɗan'uwansa ne kawai.

Mataki na huɗu: a raba aiki, a naɗa madugu

Fataken da suke zuwa Gwanja sayo goro a da ba sa tafiya kara zube: akwai madugu da ke yanke shawarar inda za a yada zango da lokacin tashi, akwai kuma jagaba da ke gaba yana duba hanya. Tawagar wasa ma haka take so. Madugu shi ne zai ce ga inda za a sauka daga jirgin da ke kawo 'yan wasa a farkon zagaye, ga lokacin da za a bar wuri, ga faɗan da za a shiga da wanda za a kauce masa. Ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa harbi ba. Wanda ya fi kowa duba taswira da natsuwa shi ya dace. A tawagarmu telan ne madugu, duk da cewa ƙanena ya fi shi saurin hannu nesa ba kusa ba. Kowa na iya ba da shawara, amma da zarar madugu ya ce a tafi, sai a tafi tare, domin shawara mai rauni da mutum huɗu suka bi ta fi shawara mai kyau da ta raba su gida biyu. Idan ya yi kuskure, a gaya masa bayan an gama zagaye.

Jagaba shi ne mai shiga gida da farko, mai saurin yatsu da ƙarfin zuciya, kuma dole wani ya riƙa bin bayansa kusa, ta yadda idan an kayar da shi za a rama nan take. Na uku maharbin nesa ne, mai hawa tudu ko bene ya hango motsin abokan gaba ya sanar. Na huɗu mai agaji ne, shi ke ɗaukar magani da gurnetin hayaƙi da yawa, shi ke tsaron baya, shi ke tayar da wanda ya faɗi. Samari ba sa son wannan aiki na ƙarshe saboda sunan mai yin sa ba ya fitowa a saman jerin waɗanda suka fi kisa, alhali sau da yawa shi ke kai tawaga da'irar ƙarshe, wato ɗan filin da ya rage bayan wasan ya yi ta matse wurin da ake iya tsayawa lafiya. Ya kamata a riƙa yaba masa da baki, a kuma riƙa musayar ayyukan lokaci zuwa lokaci, don kowa ya ɗanɗana nauyin da ke kan ɗan'uwansa.

A wasan biyar da biyar na Call of Duty ma haka abin yake. A tsarin Domination akwai wurare uku, A da B da C, kuma tawagar da ta riƙe biyu ta tsare su ita ke tara maki, yayin da mai yawo yana neman kisa shi kaɗai zai iya fin kowa lamba a kuma ci tawagarsa. Wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan: komai ƙarfinka wajen kayar da mutane, idan ba a kare ruwa ya kai gida ba, an ci ku.

Mataki na biyar: a koyi magana

Nan ne tawagogi da yawa ke rushewa, kuma nan ne ya fi cancantar a ɓata lokaci. Ka sami iyafis mai makirfo, ko mai araha ne, domin a waɗannan wasanni kunne yana aiki daidai da ido: takun ƙafa, ƙarar mota da inda harbi ya fito duk da kunne ake gane su. Idan kana wurin da janareta ke ruri, ko rediyo na kunne, ko yara na wasa, ka rufe makirfonka sai lokacin da za ka yi magana. Idan kuwa duk kuna zaune wuri ɗaya, ku kashe muryar cikin wasan gaba ɗaya, kowa ya sa iyafis a kunne ɗaya ya bar ɗayan don jin abokansa, in ba haka ba amsa-kuwwa za ta cika muku kunne.

Sanarwa mai amfani tana ɗauke da abu uku: ina, nawa, da nisa. "Ga su nan, ga su nan!" ba ta taimaki kowa ba, domin gabanka ba shi ne gaban abokinka ba, hagunka kuma na iya zama damansa. A PUBG akwai ma'aunin alƙibla a saman allo mai lambobi har zuwa 360, sai ka ce: "Mutum biyu, lamba 240, bayan dutse, kamar mita 100." Wanda ke kusa da kai zai juya zuwa wannan lamba ya gan su nan take. Inda babu lambobi, a yi amfani da alamar da ake dasawa a taswira, a haɗa da abin da ido ke gani, kamar jan gida, bene mai hawa biyu ko gindin bishiya. Idan ka harbi mutum, ka faɗi halin da yake ciki: "Na kayar da ɗaya", ko "Na raunata shi sosai, ku matsa", ko "Ya shige gida". Ka kuma sanar da abin da kai kanka za ka yi kafin ka yi shi, musamman sauya harsashi, shan magani da jefa gurneti.

Yana da kyau tawaga ta raɗa wa wurare sunayen da bakinta ya saba da su. A taswirar Bermuda ta Free Fire, Clock Tower ya zama "Hasumiya" a wurinmu, Factory kuma "Masana'anta". Garin Pochinki na Erangel, inda mutane ke tururuwar sauka, mun sa masa "Taminus" saboda cunkoso, kuma duk ɗan Jos da ya ji wannan suna ya san me ake nufi. Irin waɗannan sunaye suna gajarta magana, suna kuma sa tawaga ta ji cewa tana da wani abu nata na kanta.

Akwai lokacin hira, akwai lokacin shiru. Sa'ad da ake tattara kaya a wuri mai lafiya, a yi raha, a tambayi lafiyar gida, a yi zancen ƙwallo. Wannan hira ita ce rabin daɗin wasan, kuma ni dai saboda ita nake dawowa. Amma da zarar wani ya ce "Shiru, ina jin taku", kowa ya kama bakinsa. Wanda aka riga aka fitar daga wasa yana kallon abokansa, kada ya zama mai koyarwa yana cewa yi kaza, bar kaza. Ya faɗi abin da ya gani a taƙaice, ya bar mai rai ya yi tunani. Girmamawa kuma ba ta faɗuwa don an shiga wasa. Ƙanena yana ce mini "Yaya, koma baya" a cikin artabu, ina kuma bin maganarsa ba tare da jin an raina ni ba, telan kuwa duk muna ce masa "Maigida" ko "Malam", ko da shi ne ya jawo aka ci mu.

Mataki na shida: rabon kaya da tayar da wanda ya faɗi

Tun kafin a sauka, kowa ya faɗi irin bindigar da yake so, don a san wa za a ajiye wa me. A PUBG, M416 tana cin harsashi 5.56, AKM kuma 7.62, saboda haka idan ka tsinci harsashin da ba naka ba, ka sanar ko ka ɗauka ka kai wa mai shi. Madubin hange mai ninki 8 na maharbin nesa ne, hular kwano da rigar sulke mafi ƙarfi kuwa jagaba ya fi buƙatarsu tunda shi ke fara karɓar wuta. Kayan abokin gaba da aka kashe, wanda ya kayar da shi ne ke fara zaɓa, kuma ba a taruwa huɗu a kan akwati ɗaya: biyu su ɗiba, biyu su yi gadi, domin ƙarar faɗan da kuka gama ta riga ta kira wata tawaga. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma babu inda ake ganin haka kamar wurin akwatin da jirgi ke jefowa, wanda kowa a taswira yake hango hayaƙinsa. Idan madugu ya ce a bar shi, a bar shi, ko da ana zaton akwai AWM, babbar bindigar harbin nesa, a ciki.

Idan an kayar da kai, kada ka cika kunnen mutane da kiran a zo a tashe ka. Ka rarrafa zuwa bayan wani abu, ta ɓangaren abokanka, ka faɗi inda aka harbo ka da yawan waɗanda ka gani. Mai zuwa agaji kuma ya fara tabbatar da cewa an kawar da mai harbin ko an rufe masa ido. A PUBG tayar da mutum yana ɗaukar kusan daƙiƙa 10, wanda a fili tsirara lokaci ne mai tsawo ƙwarai, don haka a jefa hayaƙi tukuna. A Free Fire a kafa katangar ƙanƙara. Wanda aka tayar a ba shi magani idan nasa ya ƙare. Wani lokaci kuma gaskiya ita ce ba za a iya ceton mutum ba, saboda da'ira ta matso ko abokan gaba sun yi yawa, kuma a irin wannan hali ya fi kyau shi da kansa ya ce "Ku tafi, ku bar ni", don ya sauke wa abokansa nauyin kunya.

Wajen tafiya, kada a cure wuri ɗaya har gurneti guda ya kwashe kowa, kada kuma a yi nisan da ba za a iya kai wa juna ɗauki cikin 'yan daƙiƙoƙi ba. A shiga da'ira da wuri, a kama wuri mai kyau, a bar wasu su zo su same ku.

Mataki na bakwai: zama da baƙi

Wata rana tawaga ba za ta cika ba, sai wasan ya haɗa ka da wanda ba ka sani ba, mai jin Larabci ko Faransanci ko Turanci. Ka yi gaisuwa, ka yi amfani da alamomin taswira da gajerun saƙonnin da aka tanada a cikin wasan, ka bi inda mafi yawa suka sauka. Ajiye wa baƙo magani ko harsashi a gabansa yana buɗe zuciya fiye da dogon bayani. Idan ka ji muryar yaro ƙarami, ka tsare harshenka kamar ƙanenka ne ke saurare. Idan mace ce, a kira ta "'yar'uwa", a yi wasa da ita kamar kowa, ba tare da tambayar lambar waya ko inda take zaune ba; mata da yawa suna rufe makirfo ne saboda abin da suke ji daga maza, kuma wannan abin kunya ne a gare mu.

Za ka gamu da masu zagi, har da masu taɓa addini da ƙabila. Kowane ɗayan waɗannan wasanni yana da maɓallin toshe murya da na kai ƙara, ka danna su ka ci gaba da wasanka, kada ka rama. Mu da muka tashi a Jos, muka ga yadda rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya suka raba unguwanni, mun san inda irin wannan magana take kaiwa, kuma ina ganin bai dace mu shigo da ita wurin da yaron Anguwar Rogo da na Tudun Wada suke tayar da juna idan sun faɗi ba. Baƙon da kuka ji daɗin wasa da shi kuwa, ka tura masa neman abota a cikin wasan, amma adireshin gida, makaranta da bayanan banki su tsaya a wurinka.

Mataki na takwas: abin da ake yi bayan an sha kaye

A wasan mutum 100 mai tawagogi 25, ɗaya ce kawai ke yin nasara, don haka faɗuwa ta fi yawa ko ga gwanaye. Bayan kowane zagaye a ɗauki minti ɗaya a tambayi juna: a ina abin ya fara lalacewa, kuma me za a sauya? Kowa ya fara da nasa kuskuren kafin ya ambaci na wani. "Na shiga gidan ban jira ku ba" tana sa na kusa da kai ya ce "Ni ma ban sanar da na biyun ba", amma "Kai ka jawo mana" ba ta haifar da komai sai musu. Idan gyara ya zama dole, a yi wa mutum shi kaɗai daga baya, musamman idan ya girme ka. Mu dai idan aka ci mu sau uku a jere muka ji murya ta fara tashi, sai mu bar wasan neman matsayi mu koma wanda ba a lissafa maki, ko mu yi sallama sai gobe.

A kuma lura da juna ta wajen yawan wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, tana nufin halin da mutum ya kasa riƙe kansa har wasa ya danne karatu, sana'a da iyali. Idan ka ga abokinka yana kan layi ƙarfe uku na dare alhali yana da jarrabawa ko shago da safe, kai ne ka fi kowa damar yi masa magana, kuma hanya mafi sauƙi ita ce tawaga ta ƙi shiga da shi bayan lokacin da aka tsayar.

Mataki na tara: kuɗi da tsaron asusu

Waɗannan wasannin harbi uku kyauta ake sauke su, kamfanonin suna samun kuɗi ne ta sayar da kayan ado da kuɗin cikin wasa, wato lu'ulu'u a Free Fire, UC a PUBG, CP a Call of Duty. A PUBG tufafi da fentin bindiga ado ne kawai, ba sa ƙara wa harsashi ƙarfi. Kada tawaga ta zama wurin gasar kaya har marar hali ya ji ya zama bare, kuma kada yaro ya taɓa katin bankin iyayensa ba da izini ba. Duk wanda ya turo maka adireshin intanet yana cewa ka shigar da sunan asusunka da kalmar sirri za a ba ka lu'ulu'u kyauta, ɓarawo ne. Ka ɗaure asusunka da Google ko Facebook, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kada ka ba kowa kalmar sirri ko da abokin tawaga ne. Manhajojin maguɗi masu nuna mutane ta bayan bango kuwa, ban da cewa zalunci ne ga sauran 'yan wasa, PUBG Mobile yana rufe asusun mai amfani da su har na shekara 10, don haka wanda ya kawo su a cire shi daga tawaga tun kafin ya shafa wa kowa.

Mataki na goma: a shirya ƙaramar gasa ta unguwa

Idan tawaga ta zauna da gindinta, sai a gayyaci wasu. Waɗannan wasanni suna ba da damar buɗe keɓaɓɓen ɗaki mai lamba da kalmar sirri, inda waɗanda aka gayyata kawai za su shiga. A sami tawagogi daga unguwanni daban-daban, Farin Gada, Nasarawa, Bukuru, Rikkos, a sa rana ɗaya, a sanar da dokoki a rubuce tun kwana biyu kafin ranar: taswirar da za a buga, yawan zagaye, makin matsayi da makin kowane kisa, da abin da za a yi idan sabis ɗin wani ya yanke. A naɗa alƙali wanda ba ya cikin kowace tawaga, ya shiga a matsayin ɗan kallo, ya ɗauki hoton sakamakon kowane zagaye ya tura zaure nan take. Lambar ɗaki da kalmar sirri a tura wa shugabannin tawagogi kaɗai, minti 10 kafin farawa, don kada su bazu. Kada a sa kuɗi a ce mai nasara ya kwashe, domin daga nan abin ya koma caca, kuma rigima ba ta da nisa. Idan ana son kyauta, wani babba a unguwa ko mai shagon waya zai iya ba da katin data ko iyafis. A gasar da muka yi ta ƙarshe, sharaɗin shi ne duk tawagogin su haɗu washegari da yamma a teburin mai shayi, waɗanda suka zo na ƙarshe su zuba wa kowa, a nan ne kuma da yawa daga cikinmu suka fara ganin fuskokin muryoyin da suka yi watanni suna ji a kunne.